Lauyar da ta raba gidanmu na Tudun Wada da jinginar 1992

Tun da maganar gidan mahaifinmu ta kammala, mutane ke tare ni a makarantar da nake koyarwa da wuraren biki suna tambaya: wane lauya ne ya yi muku aikin, nawa kuka kashe, kuma da gaske ana iya cire sunan banki daga fayil ɗin gida alhali bankin ya ƙi amsa ko da wasiƙa ɗaya? Ana iyawa. Mace ce ta yi mana, tana da ɗan ofishi a saman wani bene a cikin garin Gombe, ita da wani matashin lauya da akawu guda. Ta roƙe ni kada in rubuta sunanta, ta ce aikinsu yana da ƙa'idoji masu tsauri a kan talla, saboda haka zan ce mata Barista, yadda na saba kiranta. Kuɗinmu bai tafi a banza ba, kuma duk wanda ya zo mini da irin wannan damuwa wajenta zan tura shi. Akwai dai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba, zan zo kansu.

Baba, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi. A 1992 ya karɓi rancen naira 120,000 a wani banki ya sayi motar ɗaukar kaya, ya jinginar da gidanmu na Tudun Wada. Ya gama biya a 1997, bankin ya mayar masa da takardar mallakarsa, wadda kowa ke kira C of O, ya kai ta akwatinsa na ƙarfe ya kulle. A wurinsa, da wurinmu duka, magana ta ƙare ke nan. Ya rasu a 2022. Mu tara ne 'ya'yansa, ga Inna, gidan kuma ba ya rabuwa, sai aka yi shawara a sayar a ba kowa rabonsa, Inna ta koma wajen babban yayanmu Hamma a Tumfure. Muka samu mai saye, aka yi ciniki, lauyansa ya je hukumar GOGIS mai kula da rajistar filaye ta jiha ya nemi a duba masa fayil. Sakamakon ya fito da layi ɗaya da ya tsayar da komai: gidan yana ƙarƙashin jinginar banki tun 1992, kuma babu wata shaida a fayil cewa an warware ta. Mai saye ya janye, ban kuma ga laifinsa ba.

Rushewar cinikin ba ita ta fi yi mana ciwo ba. Inna ce. Da ta ji kalmar bashi, barci ya ƙaurace mata. Duk wanda ya tashi a gidan Musulmi ya san hadisin da ke cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, ya kuma san ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun sa biyan bashi da wasiyya gaba da rabo. Kullum sai ta ce mini, "Anya Malam bai tafi da haƙƙin mutane ba?" Hamma ya yi ta zarya zuwa reshen bankin da aka ce shi ya gaji wancan. Manajan yaro ne, lokacin da aka yi rancen ko makaranta bai shiga ba. Ya karɓe shi da mutunci, ya ce zai tura hedikwata a Legas, daga nan shiru. Aka rubuta, aka buga waya, aka sake rubutawa, wata da watanni babu ko "mun gani". A wannan halin wata abokiyar aikina ta kwatanta mini ofishin Barista.

Abin da ya fara sa na yarda da ita shi ne ba ta fara da maganar kotu ba, ba ta kuma fara da zagin banki don ta faranta mana ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, kafin mu ce a cire, sai mun tabbatar an biya. In akwai ragowa, ko kwabo ne, na masu shi ne, za ku biya sannan mu nemi namu." Ta ce in kawo mata duk takardar da ke cikin akwatin Baba, har wadda nake ganin shara ce, kada in tace komai. Na kai mata su cike da jaka: rasit ɗin sikeli, takardun haraji, katin ɗaurin aure, wasiƙun da tawadarsu ta koɗe. Ita da yaron ofishinta suka jera su bisa kwanan wata. A ciki suka tsamo takardun zuba kuɗi na banki, ba duka ba amma mafi yawansu, da wata gajeriyar wasiƙa ta 1997 mai ɗauke da hatimin reshen, wadda manajan lokacin ya rubuta cewa asusun rancen ba shi da sauran bashi. Wasiƙar nan a naɗe take cikin wani tsohon littafin lissafin buhuna, da ni ce na tace da ban kai ta ba.

Ranar da ta samu wannan, ba ta tsaya ga kirana a waya ba. Ta san Inna ba za ta iya hawa benen ofishinta ba, sai ta zo har gida bayan La'asar, ta zauna a tabarma, ta ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Baba ya biya, ga shaidar a hannuna. Abin da ya rage aikin takarda ne, ba bashi ba." Ta yi mata bayani da abin da ta sani: kamar mutumin da ya jinginar da gona a gaban mai unguwa da shaidu, ya zo ya fanshe ta tsakaninsa da mai kuɗin kaɗai, mai unguwa bai ji ba. Har gobe in aka tambayi mai unguwa cewa zai yi gonar tana jingine. Inna ta gane nan take. Wannan zuwan ba ya cikin lissafin kuɗin da muka biya, kuma a wurina ya fi duk sauran aikin daraja.

Ni ma a nan na fahimci inda gizo ke saƙar. Jingina a banki iri biyu ce. Akwai wadda mutum zai ajiye wa banki takardar gidansa kawai, wani lokaci da 'yar yarjejeniya, in ya biya a miƙo masa abarsa. Akwai kuma cikakkiya, wadda ake rubuta yarjejeniyar jingina, a nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada, a biya kuɗin hatimi, a shigar da ita rajistar filaye. Ta Baba irin ta biyun ce. Ita wannan, biyan kuɗi ba ya goge ta, mayar maka da C of O ba ya goge ta, tsufa ma ba ya goge ta. Sai bankin ya sa hannu a takardar warware jingina, an kai ta an yi mata rajista a inda aka yi wa jinginar. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ba a yi ba a 1997. Barista ta ce gidaje da yawa na iyayenmu haka suke zaune, ba a ganewa sai ranar sayarwa, ko ranar da wani ɗa ya so karɓar sabon rance da takardar.

Daga nan ta shiga neman wanda ke da ikon sa hannun, kuma nan ne na ga amfanin wanda ya san hanya. Bankin da Baba ya sani babu shi yanzu da wannan suna. A 2004 Babban Bankin Najeriya, lokacin Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin da ake bukata daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, waɗanda suka kasa aka karɓe lasisinsu. Tun kafin nan ma, a Janairun 1998, an rufe bankuna 26 a rana ɗaya. Saboda haka duk mai tsohuwar jingina, tambayar farko ita ce me ya sami bankinsa. In rufe shi aka yi, takardunsa da basussukansa suna komawa hannun hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya, ita ake nema. In bashin ya lalace an sayar da shi, yana iya kasancewa a wajen AMCON, wadda aka kafa a 2010 don sayen irin waɗannan basussuka. In kuwa haɗewa ya yi da wasu, sabon bankin ya gaji dukiyarsa da nauyinsa duka, ba shi da damar cewa ba a zamaninsa aka yi ba. Barista ta bi kowace ƙofa a rubuce, ta tabbatar namu haɗewa ya yi, kuma sunan Baba ba ya cikin waɗanda aka sayar da bashinsu.

Akwai kuma wani ƙullin da ya shafe mu mutanen Gombe musamman. A 1992 babu Jihar Gombe, sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga Bauchi. Jinginar Baba a Bauchi aka yi mata rajista. Fayil ɗinmu na nan ya nuna akwai ta, amma Barista ta ce tana son kwafin yarjejeniyar kanta mai hatimin tabbatarwa, da lambar shafi da kundin da aka shigar da ita, domin takardar warwarewa dole ta ambaci waɗannan daidai, in aka kuskure lamba ɗaya a dawo da ita. Yaron ofishinta ya bi hanyar Alkaleri ya je Bauchi ya samo. Duk mai takardar da ta girmi 1996 ya sa wannan a lissafinsa.

Mu ma sai da ta gyara mana tsayuwarmu. Hamma ya daɗe yana rubuta wa banki a matsayin babban ɗa, alhali a idon banki da kotu wannan bai isa ba. Ta nema mana takardar ikon kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu, da sunana da na Hamma, sauran magada suka sa hannu sun amince.

Sannan wasiƙu. Na ɗauka irin waɗanda muka gaji da rubutawa ne, ashe da bambanci. Kowace wasiƙa kwafi biyu ake kai wa reshe, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da ita. Ta hedikwata kuma kai tsaye ga sakataren kamfani da sashen shari'a, ta hannun kamfanin aika saƙo mai ba da shaidar isarwa. A ciki ta haɗa kwafin wasiƙar 1997, da na takardun zuba kuɗi, da sakamakon binciken fayil, har da takardar warware jinginar ta rubuta musu a shirye, sa hannu da hatimi kawai ya rage. Ta ba su wa'adi a rubuce. Da ya cika babu amsa ta sake aikawa, tana ambaton ta farko. Na ƙosa na ce mata, "Barista, mutanen nan fa ba amsawa za su yi ba." Ta ce, "Na sani, Malama. Alƙali nake rubuta wa. Ranar da muka tsaya gabansa zai tambaya ko mun ba su dama, ina so in miƙa masa amsar da hatiminsu a kai." Shirun da ya shekara yana cin ranmu, ita tara shi take yi a fayil yana zama hujja.

Na tambaye ta batun kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, don na ji ana yabonsa. Ta ce hanya ce mai kyau kuma kyauta ce, bayan mutum ya fara kai kukansa bankinsa ya jira mako biyu, amma akwai ƙa'idar shekara shida daga ranar da aka yi hulɗar, abin 1997 kuwa ya yi nisa, kada mu jingina da ita. Na ji daɗin da ba ta sayar mana da fatan da ita kanta ba ta yarda da shi ba.

A tsakiyar wannan jira ne wani dillali ya zo wa Hamma da shawara. Wai a bar wahalar lauya, yana da mai saye da ba ruwansa da binciken fayil, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa, a rage kuɗin kaɗan, kowa ya kama gabansa. Wasu daga cikin ƙannena sun karkata, kuma na fahimce su, akwai mai kuɗin makarantar yara a kansa, akwai mai jinya. Barista ta tara mu ta faɗa mana gaskiya ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce gida mai C of O in aka sayar ba da amincewar gwamna ba, sashe na 26 na dokar nan ta 1978 ya ce cinikin ba shi da inganci, kuma ɓoye wa mai saye jinginar da muka sani zai iya dawo mana da ƙara shekaru masu zuwa. Ta ƙara da cewa, "In kun zaɓi haka, gidanku ne, amma ba da hannuna ba." Baffanmu, ƙanin Baba, ya goyi bayanta, ya ce ba za a wanke sunan ɗan'uwansa ta hanyar cutar wani ba. Maganar ta mutu a nan.

A 2024 ta shigar da ƙara a Babbar Kotun Jihar Gombe, domin ita ke da hurumin shari'ar filin da ke da takardar gwamna. Ba irin shari'ar da ake jera shaidu ana yi musu tambayoyi ba ce. Takardar rantsuwa muka yi, ni na rantse, aka liƙa mata duk hujjojin, aka roƙi kotu ta bayyana cewa an biya bashin, ta umarci bankin ya sa hannu a takardar warwarewa, in kuma ya ƙi, ta ba da umarnin a soke jinginar daga rajista. Abin da wasiƙu suka kasa, sammaci ya yi. Ma'aikacin kotu ya kai musu, a zama na biyu sai ga lauyansu. Bai yi jayayya ba. Ya ce sun duba ba su ga wani bashi a kan Baba ba, ya nemi lokaci a daidaita. Hutun shekara na kotuna ya ratsa tsakani ya ƙara mana jira, amma daga ƙarshe aka rubuta sharuɗɗan sulhu, alƙali ya mayar da su hukunci, bankin ya sa hannu ya buga hatimi. Barista ta kai takardar aka biya kuɗin hatimi aka yi mata rajista, sannan ta sake neman sabon binciken fayil, ba ta ce aiki ya ƙare ba sai da sakamakon ya fito babu jingina a kai. Daga ranar da na fara hawa benenta zuwa ranar, shekara ɗaya da 'yan watanni.

Kuɗi: naira 10,000 na ganawar farko, sai ladan aikinta naira 450,000 da muka biya kashi uku, na ƙarshe bayan an gama. Duk abin da na ba ta sai da rasit. Kuɗin waje, wato na kotu, na aika saƙo, na tafiyar Bauchi, na takardar gado da na rajista, ya kusa naira 200,000. Ga wanda ya san darajar gida a Tudun Wada yau, wannan bai yi yawa ba.

Amma a nan ƙorafina na farko yake. Ladanta ta faɗe shi tun ranar farko kuma ba ta ƙara ko sisi ba, kuɗin wajen ne ba ta kimanta mana ba. Gutsi-gutsi ya riƙa zuwa, yau a ce dubu ashirin, jibi a ce talatin, kuma mafi nauyinsu, bashin harajin fili na shekaru da ya taru a kan gidan, sai dab da rajista muka ji shi. Kuɗin haƙƙin gwamnati ne, ba laifin kowa ba ne a ce a biya, amma ita ta san zai taso. Mai tara kuɗi daga hannun magada tara ya san abin da nake nufi. Duk komawa da za ka yi ka ce a sake kawowa, sai wani ya fara kallonka wani iri, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Da ta ba ni takarda ɗaya tun farko mai kiyasin komai, ko da sama-sama ne, da ta rage mini zafin da na sha a cikin gida.

Na biyu waya ce. Barista ba ta ɗaukar waya da safe don tana kotu, wannan na gane. Amma saƙo ma yakan kwana biyu uku ba amsa, akawun kuma ba abin da yake cewa sai "tana sane, Hajiya". Ga mutanen da shirun banki ya riga ya ji wa rauni, kowane shiru tsoro ne. Na faɗa mata haka a fuskarta, ta karɓa ba ta yi fushi ba, daga nan yaron ofishin ya riƙa turo mini gajeren saƙo duk ranar da aka yi zama ko aka ɗaga. Ya kamata a ce haka suke yi wa kowa ba sai an roƙa ba.

Wanda bai gama biyan bashinsa ba yana neman dabarar zillewa, kada ya ɓata lokacinsa, ba za ta karɓe shi ba. Wanda kuma ba shi da ko takarda ɗaya ta shaidar biya, za ta gaya masa tun farko cewa hanyarsa ta fi tamu tsawo, domin banki ba ya ajiye tsofaffin takardu har abada, kotu kuma da hujja take aiki. Mai niyyar zuwa ya je bayan Azahar, lokacin ta dawo daga kotu. Ya tafi da asalin C of O da kwafinta, da takardar shaidar rasuwa in mai gidan ya rasu, da duk abin da ke ɗauke da sunan bankin komai tsufansa, kuma ya nemi kiyasin kuɗin waje a rubuce tun a zaman farko.